Naomi da Angwayen Ɗorawa

Ranar da aka binne Naomi na zauna a bencin baya na cocinsu da mayafina, ni kaɗai Musulma a cikin matan zumunta. Ban taɓa shiga coci ba sai ranar, kuma don ita na shiga. Ina zaune Ishaya, ƙanin mijinta, ya miƙe cikin sabuwar shadda, ya karɓi abin magana ya ce wai marigayiya mace ce mai son itatuwa, wai duk yankin nan babu wanda ya kai ta tausayin halittar Allah. Jama'a suka ce amin. Ni kuwa na danne harshena da haƙori har na ji ɗanɗanon jini. Joy, 'yar Naomi, ta waiwayo ta girgiza mini kai, alamar in yi haƙuri. Na yi haƙuri a cikin coci. A nan ba zan yi ba.

Sunana Kubra. Mun zo Abuja ni da mijina Manniru daga wani ƙauye bayan Malumfashi, tun garin yana jar ƙasa da tarin ƙarafa, ana ta cewa gwamnati za ta taso daga Legas amma ba ta taso ba tukuna. Shi yana ɗaukar bulo, ni ina tuƙa tuwo da miyar kuka ina sayar wa leburori. Muka kafa ɗakin kwano a gefen wani ƙauyen Gbagyi, mutanen da mu muke kira Gwarawa, can bayan inda gidajen Gwarinpa suke yanzu.

Daddawar da na zo da ita daga gida ta ƙare, na koma yin miya da gishiri da barkono kawai. Wata safiya wata doguwar mace ta tsaya a kan tukunyata da ƙwarya a kafaɗa, yadda matansu suke ɗaukar kaya. Ba ta yi sallama ba. Ta tsoma yatsa a ludayina ta lasa, ta yamutsa fuska.

"Kai, Bahaushiya, wannan miya ne ko ruwan wanka?"

Na ce, "Ni mace ce, ke ake ce mini."

Ta ce, "Ke, kai, duk ɗaya. Miyarka dai babu daɗi."

Ta ciro curin daddawa daga ƙwaryar ta marmasa mini a tukunya, ta wuce abinta. Ranar leburori har ƙanzo suka kankare. Haka na san Naomi, kuma har ta mutu ba ta daina ce mini kai ba. Yau da zan ji an ce mini kai da muryar nan, da na ba da duk abin da na mallaka.

Daddawa ce sana'arta, ita ta gada wurin kakarta. A kan gangaren da ke bayan ƙauyen akwai ɗorawa sun fi goma, manya, babbar cikinsu ana kiranta Kaka. A al'adar gidansu ƙasa ta maza ce, amma abin da ɗorawa ta haifa na mata ne. Idan rani ya yi nisa sai itatuwan su cika da jan fure, dunƙule-dunƙule, suna reto kamar tuntun hula. Bayan fure sai 'ya'ya su sauko zara-zara, su bushe, Naomi ta zo da dogon gora mai ƙugiya. Ba ta zubar da komai. Garin nan rawaya na ciki yara su sha. Ɓawon ta ɗaure shi dami-dami ta kai wa masu ginin tukwane a Ushafa, su dafa su yi makuba su yayyafa wa tukunya tana da zafi don ta yi ƙarfi da sheƙi. Kalwar kuwa, wato ƙwayar, ta dafa ta yini guda, ta surfe da toka, ta wanke a rafi, ta sake dafawa, ta rufe da ganye har ta yi wannan warin da maƙwabta ke zagi amma ba sa iya cin tuwo sai da shi. Da wannan ta ciyar da gida lokacin da mijinta ya kwanta jinya, da shi ta sa Joy a makaranta bayan ya rasu.

A ƙasan gangaren, inda rafi yake, akwai kurmi. Duhu ne da shi ko da rana tsaka, dogayen itatuwa sun haɗe kai, ƙasa kullum a jiƙe, ga warin kashin jemage. Jemagu ne a ciki ba iyaka, sun rataye a rassa kamar tsummokaran da aka shanya. Rana na faɗuwa sai su tashi kamar hayaƙi. Naomi ta ba ni labari tana dariya cewa lokacin kakarta ba a shiga kurmin da gatari ko wuta. Kuma idan ɗorawa ta yi fure, tsofaffin mata sukan tsaya a gindinta da magariba, jemagu na sauka su kuma su rusuna su ce da yarensu, sannunku da zuwa angwaye, amarya ta shirya. Ba a jifa, ba a ihu, ba a hura wuta a wurin sai fure ya wuce.

Zamanin da na zo an daina. Fastonsu ya ce gaida jemage tsafi ne. 'Yan ƙauyen da suka musulunta su ma limaminsu ya ce haka. A wannan magana dai coci da masallaci bakinsu ya zo ɗaya. Mutanen suka tattara duk abin da tsofaffi suke yi suka zuba a kwando ɗaya suka kira shi duhun kai, ba wanda ya tsaya ya tsince mai amfani daga ciki. Naomi ma ta yarda. Mace ce mai riƙon addini, ba ta fashin coci.

Sai gwamnati ta taso daga Legas da gaske. Gari ya cika, gini ya doso mu. Wata rana wani ɗan kwangila ya turo yaronsa na aiki ya tara mutanen ƙauyen. Ya ce hanya za ta bi ta nan, kuma suna son filin ajiye motoci da yashi. Wuri biyu ne suka yi musu, ko gangaren ɗorawa ko kurmi. Wai saboda mutunci an bar wa 'yan gari su zaɓa. Ku ji fa, wai mutunci. Kamar a ce wa mutum ya zaɓi ƙafar da za a yanke masa.

Maza suka yi shiru suna kallon juna. Naomi ce ta miƙe, ina tsaye a bayanta da kwanon tuwona.

"Oga, ɗauki kurmi," in ji ta. "Ba mu cin komai a ciki. Wari ne da sauro da jemage. Amma wanda zai taɓa ɗorawan nan sai ya fara bi ta kaina da katafila."

Mata suka yi guɗa. Ni ma na yi. Ranar an ɗaga Naomi sama, an ce ta fi maza.

Ishaya ne ya samu aikin kula da saran kurmin, shi ya sayar da katakon. Ban manta ranar da itatuwan suka fara faɗuwa ba. Jemagu suka tashi da tsakar rana suna kuka, suna zagaya sama, su sauko su tarar babu reshe, su sake tashi. Masu goyo suna faɗowa da 'ya'yansu manne a ƙirji. Samari suka bi su da sanduna suna cika buhuna, suna kai wa masu farfesu a wuraren shan giya. Shaho da hankaka suka yi ta biki. Bayan 'yan kwanaki sama ta yi tsit. Rafin ma bai daɗe ba ya zama kwata.

Rani ya zagayo, ɗorawa ta yi fure kamar kullum, ja wur. Furen ya yi kwanakinsa ya zube ƙasa. Naomi ta ɗaga kai tana neman 'ya'ya, sai ɗai-ɗai, can a wani reshe, can a wani. Abin da ta saba tarawa buhu-buhu bai cika kwando ba. Aka ce ƙurar siminti ce. Shekara ta biyu aka ce ƙarancin ruwa ne. Ta zuba taki, ta zuba toka, ta sassari ɓawon gindin wai ko za su farka. Matan zumunta suka zo suka yi addu'a a gangaren. Ni ma na karɓo mata rubutu wurin malam, ta karɓa ta zuba, ta ce Allah ɗaya ne, a gwada. Fure dai ya ci gaba da zuwa yana zubewa a banza.

Dole ta koma sayen kalwa a ƙauyukan bayan Ushafa. A can ne wata rana mota ta ƙi samuwa, magariba ta same ta a gindin wata ɗorawa mai fure. Washegari ta zo rumfata ba ta ko gaishe ni ba, ta zauna a kan turmi.

"Kubra, na kashe kaina da bakina."

Na ce, "Subhanallahi, me ya faru?"

"Na ga angwaye."

Ta ce jemagu suka sauko a kan furen tana tsaye. Wani ya rataya kusa da ita har tana ganin fuskarsa. Ya tura baki cikin fure yana lasar zumar, ya ɗago, fuska da ƙirji duk sun yi rawaya da garin furen. Ya tashi ya faɗa wa wani furen a wata bishiyar, ya goga masa abin da ya kwaso. Haka suke yi, daga wannan zuwa waccan. Furen ɗorawa da yamma yake sakin zumarsa, don su yake saki. Ƙudan zuma da ke zuwa da safe su ne suke sa a samu ɗan abin da ake samu, amma babban aikin na jemage ne. Tun tana yarinya take ganin wannan, ba ta taɓa kawo komai a ranta ba.

"Kakata ba tsafi yake yi ba," in ji ta. "Surukai yake gaisarwa. Ni kuma na ce a rushe musu gida."

Ta yi kuka ranar, irin kukan da ba ta yi ba ko a mutuwar mijinta. Kuma abin da ke ƙona mini rai har gobe, ita kaɗai ta ɗauki laifin a kafaɗarta. Waɗanda suka kawo zaɓin banzan nan suna cikin ofis mai sanyi. Mazan da suka yi shiru a taron sun ci kuɗin katako sun goge baki. Waɗanda suka hana gaisuwar suna nan a kan mumbarinsu. Ita da ta tashi don ta kare abincin 'yarta, ita ce ba ta barci.

Daga nan rayuwarta ta koma abu ɗaya: ta dawo da jemagu kafin a sare ɗorawan. Don kuwa Ishaya, wanda ya zama babban gida bayan rasuwar yayansa, ya riga ya sa musu ido.

"Maman Joy, itacen da ba ya haihuwa me za mu yi da shi? Inuwa za mu ci?"

"Ka ba ni lokaci, ƙanena."

"Lokacin me? Na jiran jemage? Mai gawayi ba ya jiran jemage."

Duk shekara sai ya kayar da ɗaya ko biyu. Mu tashi da safe mu ga hayaƙi yana fita daga tudun ƙasa, an binne itacen da ya girmi ubansa ana toya shi. Naomi ta kai ƙara wurin dattawa, suka ce ƙasa ta maza ce, hakkinta 'ya'ya ne, kuma babu 'ya'ya.

Akwai wani kwazazzabo a bakin tsohon rafin, wurin da ba ya ginuwa, ana zubar da shara. Nan ta share ta dasa rassan ɓaure, ta shuka mangwaro da gwaba da ayaba, duk abin da ta san jemage na so. Da rani ta ɗebo ruwa daga kwalbati a kafaɗa, ta sauka ta hau, ta sauka ta hau. Awaki suka ci, ta sake dasawa ta kewaye da ƙaya. A lokacin nan gwamnati ma tana shuka itatuwa a bakin manyan tituna, a jere kamar sojoji, irin na ƙasashen waje waɗanda ko tsuntsu ba ya sauka a kansu. Naomi takan dube su ta taga in mun shiga bas ta ce, "Dubi, kyau kamar matar oga, amma ba ya dafa wa kowa abinci."

Idan ta ji labarin an ga jemage a wata unguwa, sai ta je ta yi faɗa da masu harbinsa da danƙo. Ba a daɗe ba magana ta fita cewa Naomi tana kiwon jemagu, tana magana da su, ita ta cinye mijinta. Mayya. Matan da suka yi mata guɗa su ne suka fara matsawa daga bencinta a coci. Masu sayen daddawarta suka koma dunƙulen kanti. Ni ma matan unguwarmu suka same ni, wai in rabu da matar nan kada ta lashe mini yara. Na ce musu yaran nan da miyar daddawarta aka yaye su, in lasa ce da tuni ta gama.

Shekaru suka tafi a haka. Kanta ya yi fari, ƙafafunta suka fara kumburi. Gangaren ya zama fulotai da katanga. Ɗorawa ɗaya ta rage, Kaka, don tana kan ɗan filin da Ishaya bai samu mai saye ba tukuna.

Wata yamma ina kwashe tuwo sai ga ta tana jan ƙafa, ta kama hannuna.

"Bar tukunya. Zo."

"Tuwona zai ƙone."

"Ya ƙone. Dama ba ka iya ba."

Ta ja ni har gangaren. Kaka tana cikin fure. Daga wajen ɓauren da ta dasa, waɗanda yanzu sun yi tsawo sun haɗe kai, sai ga su suna tasowa. Ba su da yawa, ba kamar hayaƙin da ba. Amma sun zo. Suka zagaya, suka sauka a kan jan furen, wasu suka wuce can bayan tsauni inda ake da sauran ɗorawa, suka dawo. Naomi ta saki hannuna, ta gyara zaninta, ta rusuna a kan kumburarrun ƙafafun nan ta gaishe su da yarensu. Wani mai acaɓa da ke wucewa ya tofa yawu ya ce a'uzubillahi. Ko kallonsa ba ta yi ba.

A wannan shekarar Kaka ta ɗauki 'ya'ya. Kore shar, tuli-tuli, kowane reshe ya sunkuya. Amma kafin su ƙosa ciwon ya kayar da Naomi, Joy ta zo ta ɗauke ta zuwa ɗakinta a Nyanya don ta fi kusa da asibiti. Da za ta shiga mota ta ce mini, "Kai ne idona. In sun bushe ka zo ka gaya mini, ko a kan gado za a kawo ni in riƙe goran."

Kullum sai na je na duba. Wata safiya na tarar da Ishaya a gindin bishiyar da mutum biyu da injin yankan itace. Ya sayar da filin, mai sayen yana son a share kafin ruwa ya sauka ya zuba harsashi.

Na ce, "Ishaya, don girman Allah. Ɗaga kanka ka gani. Ka ce ba ta haihuwa, ga shi ta haihu. Ka bari su bushe, saura kaɗan."

Ya ce, "Oga ya ce yau."

"Ka ce wa oga matar yayanka tana kwance."

"Kubra, ke baƙuwa ce. Ina ruwanki da ƙasar kakanninmu?"

Na ce, "Kakanninka? Kai da kake yanka ta kana sayarwa kamar tsire? Ni baƙuwa na sha inuwarta na gode. Kai ɗan gida me ka taɓa shukawa?"

Ya juya baya ya ɗaga wa masu injin hannu. Na yi zagi ranar, zagin da ban san na iya ba. Injin ya fi ni murya. Da Kaka ta faɗi ƙasa ta girgiza har cikin haƙorana. 'Ya'yan suka warwatse, awaki suka yo kai. Ɗanyar kalwa ba ta yin daddawa, ba ta shukuwa. Aikin shekarun nan duka ya zama abincin akuya.

Na tsinci tuli ɗaya na ƙulle a mayafina na hau motar Nyanya. Cunkoson hanyar nan da kowa ke tsine wa, ranar na so ya fi haka tsawo.

Na same ta a kwance ta rame, Joy tana yi mata fifita. Na kwance mayafin na ɗora mata a ƙirji. Ta ɗauki ɗaya ta tsaga da farce. Ƙwayoyin suna jere a ciki, farare, masu taushi, babu gurbi ko ɗaya da ba kowa. Ta shinshina. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya tsinke shi ɗanye?"

Na gaya mata. Ban rage komai ba, don ba mu taɓa yi wa juna ƙarya ba. Ta rufe ido, na ɗauka ko suma ta yi. Can ta buɗe.

"Amma ya haihu."

"Ta haihu, Naomi. Har rassa suna taɓa ƙasa."

"Kai ka gani da idonka?"

"Na gani."

"To ka gaya musu. Ka ce ni ba mayya ba ne."

Ba ta ga saukar damina ba.

Shi ya sa da aka fito daga coci Ishaya ya nufo ni yana gyara hula yana cewa Hajiya Kubra sai haƙuri, an yi rashi, sai na tare gabansa. Na kwance bakin mayafina na ciro ɗan ɗorawar da ta tsaga, ya yi baƙi ya motse, na kama hannunsa na danƙa masa a gaban mutane. Na ce, "Ga abin da mai son itatuwa ta bar maka. Kai gida a yi maka miya." Ya tsaya riƙe da shi, ya rasa inda zai jefar. Matan da suka guje mata a benci suka sunkuyar da kai. Na ce musu ta aiko ni da saƙo, kuma na faɗa musu shi da ƙarfi yadda na bayan ma za su ji.

Inda Kaka take yanzu bene ne mai hawa biyu, an shafe tsakar gidan da siminti, ko ciyawa ba ta fita. Ɓauren Naomi suna nan a kwazazzabo, don har yau ba a samu wanda zai sayi rami ba. Jemagu suna kwana a ciki. Idan lokacin fure ya yi, rana na faɗuwa sai su taso su nufi gangaren, su yi ta zagaya rufin benen nan suna nema.

Ni kuma ina zuwa. In yi alwala, in tsaya a bakin katangar kafin a kira salla, duk mai son ya kira ni mayya ya kira. Ban iya yarensu ba, da Hausa nake yi. In rusuna in ce, sannunku da zuwa angwaye. Ku yi haƙuri, amarya ba ta nan. Ishaya ya sayar da ita.